Fishiyen Misye Obam

Ruwa ne ya tarbe ni a Libreville, ruwan da ban taɓa zaton Allah yana da irinsa a ajiye ba. A garinmu Tama, can ƙasar Adar, in hadari ya haɗo, gari duka kan fito ana kallon gabas ana addu'a. Can kuwa tun safe har la'asar ake tsuga shi, mutane na tafiya cikinsa suna tsaki. Na fito daga filin jirgi da akwatin ƙarfe ɗaya, da buhun guzurin da Inna ta ɗaure mini, da takardar da ke cewa ni, Illa ɗan Mahamman, an ba ni gurbin karatun kwamfuta na shekara uku. A 1994 ke nan, kuma ban san kowa ba a ƙasar Gabon.

Ina tsaye ina salati sai wani mai babbar riga ya matso ya yi mini sallama da Hausa. Wallahi ji na yi kamar in rungume shi. Ya ce sunansa Alhaji Garba, aikinsa ke nan taimakon 'yan'uwa baƙi. Ya kai ni wani ɗakin katako a cikin kwari, ya karɓi abin da ya karɓa, ya sa mini albarka har da shafa kaina. Kwana uku da shigata ruwa ya biyo ƙarƙashin ƙofa ya kai mini idon sawu. Garin hatsi ya zama kunu a cikin buhu, kuɓewa ta yi yauƙi, gabun ganyen albasa da Inna ta mulmula da hannunta ya narke. Washegari mai ɗakin na gaskiya ya zo ya tarar da ni ina shanya takardu, ya tambaye ni wa ya ba ni izinin shiga. Alhaji Garba kuwa har na bar ƙasar ban sake ganin ko inuwarsa ba. Ban yi kukan abin da ya karɓe ba, amma gabun nan na yi masa kuka, ba na jin kunyar faɗi.

Zazzaɓi ne ya kai ni inda zan zauna. Ina kwance a wani ƙaramin asibitin unguwa, jiki na ɓari, sai na ce, "Wayyo Inna!" Mai allurar ya tsaya cak da allura a hannu.

"Kai, ɗan ina na?" ya ce.

"Ɗan Tama na."

"Tama ta Buza? Ikon Allah! Mi yak kawo ka cikin ruwan ga?"

Baba Yohanna ke nan, mutumin Babankatami, Kirista, wanda ya koyi aikin jinya a asibitin mishan na wajenmu kafin neman abinci ya jefa shi Gabon. Da ya ji labarina, yana tashi aiki sai ya ɗauki akwatina a ka, muka nufi gidansa. Matarsa, Inna Saratu, ta share mini ɗakin da take ajiye kaya, ta sayo buta, ta tambayi maƙwabta inda alƙibla take don kada in yi ta sallah ina kallon teku. Hatsi ba ya samuwa a can. Amma duk ranar da wani ya zo daga gida da tiya ɗaya, ni take fara dama wa fura, 'ya'yanta suna kallo suna ƙunƙuni.

Karatun ba zan cika ku da shi ba. Na sha wuya, na sha tambayar 'yan sanda a kan takardar zama, na saba da sunan Mamadu, don su a wurinsu duk wanda ya fito daga yammacin Afirka Mamadu ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne watanni shidan ƙarshe, lokacin staj, wato aikin gwaji da ake tura ɗalibi ya yi a wani kamfani. Dokar makarantarmu ba ta da kwana: in wanda aka damƙa ka a hannunsa bai sa hannu a takardarka ba, babu difloma, kuma ba a sake ba ka wata shekara. Ni ne babban ɗa a gidanmu. Tun da aka kai ni lakwal, wato makarantar boko, Baba yake yawancin noman gandu ba tare da hannuna ba, mutane na yi masa dariya. In na koma da akwatin ƙarfe kawai, ban san da wane ido zan dube shi ba.

An tura ni wani kamfanin katako a tashar jiragen ruwa ta Owendo. Gumagumai ne ake jawowa daga daji, kowane ya fi rijiyar gidanmu faɗi, a auna, a buga masa lamba, a yi masa takardar duwan, wato kwastan, a loda a jirgi. Duk wannan wani porogaram ne yake riƙe da shi, kuma mai kula da shi ita ce Madam Nze, doguwar mace mai tabarau wadda ba ta maimaita magana.

Ranar farko ta zaunar da ni gaban kwamfuta, ta buɗe wurin aikin, inda ake rubuta porogaram, a haɗa shi, a gwada shi. Sai ga fishiye sun fi ɗari biyu zube a wuri ɗaya. Fishiye shi ne kamar takarda guda mai ɗauke da umarnin da aka rubuta wa injin, kuma wannan yakan kira wancan in yana bukatar aikinsa. Ta ce yawancinsu wani dattijo ne ya rubuta, Misye Obam, cikin shekaru masu yawa, amma ɓarin jikinsa ya shanye a watan Afrilu, ya koma garinsu. Yanzu in an taɓa nan sai can ya lalace, ba wanda ya san me ya sa.

"Aikinka," ta ce, "ka rarraba su cikin paketaj. Ƙunshi-ƙunshi, kowane da sunansa, kowane ya san abin da yake bayarwa da abin da yake karɓa. Ƙarshen Janairu zan duba."

Na ce a raina wannan ai aikin yara ne. Kowane fishiye akwai sunan wanda ya rubuta shi a samansa. Mu kuwa a gida haka aka yi mu: abin da aka noma a gandu rumbun Baba yake shiga, abin da Inna ta noma a gamanarta, 'yar gonarta ta kanta, rumbunta yake shiga, ba a haɗawa ko da duk hatsi ne. Ban ma tsaya tunani ba. Na yi ƙunshin Obam, na yi ƙunshin wani Piyer, na yi na Madam kanta, na sa nata a gaba don girmamawa. Mako biyar na yi ina wannan, ina jin kaina.

Da na ba injin umarnin haɗawa sai ya ƙi. Ƙunshin Obam ya ce ba zai tashi ba sai na Piyer ya tashi, na Piyer ya ce shi ma na Obam yake jira. Na juya ta nan, na juya ta can, allon sai ƙara cika yake da ƙorafi. Madam ta zo ta tsaya a bayana, ta karanta sunayen ƙunshin ɗaya bayan ɗaya, ta cire tabarau ta goge ido.

"Illa, gado na ce ka raba?"

Duk biron, wato ofishin, ya fashe da dariya. Kai! Ran nan da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni mutum ne mai saurin fushi, har na ji maganar ta taho mini baki, amma na haɗiye, don gaskiya ta fi ni. Ta ce ba ruwan injin da wanda ya rubuta, aikin da fishiye ke yi shi ne danginsa. Fishiyen awo wuri ɗaya, na jirage wuri ɗaya, na duwan wuri ɗaya, waɗanda kowa ke ci daga gare su kuma a sa su ƙasa, su ba su neman kowa. Sannan ta ɗaga yatsa.

"Duk fishiyen da ka ga babu mai kiransa, share shi. Ba na son tarkace. Kuskure ɗaya ka yi, ba ka da na biyu."

Na koma farko. Abin mamaki, wannan karon aikin daɗi ya yi mini. Na samo babbar takarda na shimfiɗa a tebur, in na buɗe fishiye sai in ja zare daga shi zuwa duk wanda yake kira. In na matsar da guda ɗaya sai in haɗa in gwada kafin in taɓa na biyu. A hankali na fara gane hannun Misye Obam ba sai na dubi suna ba. Mutum ne mai tsabta, yana barin fili tsakanin layuka, kuma in ya yi dabara yakan rubuta a gefe, "Yi haƙuri, ban sami hanyar da ta fi wannan ba." Na riƙa jin kamar muna hira da shi.

Farkon Disamba komai ya zauna, injin ya karɓa ba gardama. Sai ragowar fishiye bakwai da babu zaren da ya zo kansu. Shida 'yan gwaje-gwaje ne, na share su ban ji komai ba. Na bakwai sunansa OB17. Dogo ne, an rubuta shi da natsuwa fiye da duk sauran, kuma abin da na iya fahimta shi ne yana kwashe lambobin gumagumai ya kai wani wuri, ya mayar da ƙidayar farko. Ba mai kiransa, shi ma ba ya kiran kowa. Na ɗora yatsa a kan maɓallin sharewa, yatsan ya ƙi sauka.

Ga abin da ya riƙe ni. Shekarar yunwa, ina yaro, rumbunmu ya ƙare tun kafin zafi, muka koma cin anza mai ɗaci da Inna ke jiƙawa kwana da kwanaki. Amma can saman rumbu akwai damin iri da Baba ya rataya, ba mai taɓawa. Wata rana na hau na zare zangarniya biyu, na murje na cinye ɗanye. Baba ya gane. Bai buge ni ba, da ma ya buge ni. Da ruwa ya sauka muka je shuka, yana gaba da sungumi ina binsa da ƙoƙon iri, har muka kai layin ƙarshe na gefen gabas. Sai ya tsaya ya ce, "Wanga layi naka na, ka riga ka ci shi." Ya bar shi fayau. Damina duka ina ganin layin nan tsirara a gefen gona. Shekarun da suka biyo ana shuka shi, amma duk lokacin da muka iso wurin sai Baba ya karɓi ƙoƙon daga hannuna ya zuba da kansa, ko ƙwaya ɗaya bai ƙara bari na sa a ciki ba.

To, abin da aka ajiye da kyau haka kuma ba a taɓawa, ni dai ban iya ce masa shara ba. Na buɗe wani ɗan ƙunshi a can ƙasa, na sa masa suna IRI, na jefa OB17 a ciki, na yi shiru.

Madam Nze ba a yi mata shiru. Ranar wata Juma'a ta kira ni, allon a buɗe, yatsanta a kan sunan.

"Mene ne wannan?"

Na yi mata bayani iyakar iyawata. Ta karanta fishiyen, fuskarta ta ƙara ɗaurewa.

"Abin da ke goge lambobi, babu mai kiransa, babu wanda ya san amfaninsa, shi ka ɓoye mini? In wani ya tayar da shi bisa kuskure jirgi na tsaye, kai za ka amsa? Ran Litinin in na gan shi, takardarka za ta koma makaranta yadda ta zo."

Ba zan ce ba ta da hujja ba, tana da ita. Na koma gida. Ran Asabar da hantsi Baba Yohanna ya gan ni zaune gaban kwanon abinci ban taɓa ba, ya matsa mini sai da na faɗa masa duka. Shi bai san kwamfuta ba, ko kunna ta bai iya ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"Shi mai abin, ya mutu na?"

"A'a, Baba, shina garinsu Ntum, ba shi da lahiya."

"To kai wane irin Ba'adare na? Wata huɗu kana juya kayan dattijo, kana hidda wanga kana maida wancan, ko gaishe shi ba ka tahi ba? Ashsha, Illa!"

Kunyar da na ji ta fi ta ranar gado. Ina ta gardama da injin da Madam, ban taɓa tuna cewa mutumin yana nan da ransa ba.

Ran Lahadi da Baba Yohanna ya fito daga majami'a muka shiga motar Ntum, ni da takardun OB17 da na buga, shi da ƙullin gyaɗar da Inna Saratu ta soya. Hanya ce ta cikin kurmi, itatuwa sun rufe sama, ba ka ganin nesa ko kaɗan, abin da har na bar ƙasar bai daina ƙuntata mini ba. Muka yi tambaya har muka sami gidan. Misye Obam na zaune a baranda cikin kujerar kaba, ɗan siririn tsoho, hannun dama a kwance bisa cinya, baki ya karkace. Matarsa ta ce daga kamfani an zo sau ɗaya, makon da ya faɗi, shi ke nan.

Na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida dattijo a gida. Ya yi ta kallona, ina jin bai saba ba. Baba Yohanna kuwa aikinsa ya motsa, ya kama hannun da ya shanye yana murzawa yana nuna wa matar yadda za ta riƙa yi. Na ce ni ne ɗalibin da aka ba gyaran porogaram ɗinsa, na zo neman gafara don na taɓa kayansa ban sanar da shi ba, kuma ina da tambaya. Na miƙa masa takardun.

Yana ganin sunan sai ya ɗago da sauri. Ya yi magana, ban gane ba, ya sake, matar ta sunkuya ta saurara. Da ƙyar, kalma-kalma, ita tana fassarawa, labarin ya fito. Gurbin lambar gungume ƙarami ne, shekara guda yake ɗauka. In sabuwar shekara ta shiga ba a kwashe tsofaffin lambobi an ajiye ba, sababbin gumagumai za su hau kan na bara, takardun duwan su rikice, jirgi ba zai yi lodi ba. Shi da hannunsa yake tayar da fishiyen, sau ɗaya a shekara, da sassafe kafin kowa ya iso biro. Na ce me ya sa bai faɗa wa kowa ba. Ya ɗaga kafaɗar da ke motsi. Matar ta ce, "Wai babu wanda ya taɓa tambayarsa."

Ya nemi alƙalami. Da hannun hagu, harafi na hawa kan harafi, ya rubuta a saman takardar: "Biyu ga Janairu, kafin a taɓa komai." Ya sa hannu. Da za mu tafi ya riƙe yatsuna ya daɗe bai saki ba, hawaye na bin gefen bakin da ya karkace. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, kuma na ji haushin kaina da na bari sai da wuta ta zo mini sannan na zo.

Ran Litinin ban share komai ba. Na ajiye takardar a teburin Madam na koma gefe na tsaya. Ta dubi rubutun ta daɗe. Sai ta kwafi porogaram ɗin a wata kwamfuta, ta tura kwanan watan injin zuwa Janairu, ta shigar da gungume ɗaya na gwaji. Lambar da ta fito ta wani gungume ce da ya riga ya tafi Turai tun farkon shekara. Ta tayar da OB17, ta sake gwadawa, komai ya daidaita.

"Ka ɗaure shi yadda zai tashi da kansa duk shekara," ta ce, "ka kuma rubuta bayaninsa a inda kowa zai gani." Na juya zan tafi sai ta ƙara da cewa, "A ina ake shiga motar Ntum?"

Haƙuri dai ba ta ba ni ba, ni ma ban jira ba. Ƙarshen Janairu ta sa hannu. Ta tambaye ni ma'anar IRI, na faɗa mata, ta ce suna ne marar kan gado a porogaram ɗin katako, amma ba ta canza shi ba.

Na iso Tama a watan Yuni, kwana ɗaya bayan ruwan shuka. Gida ba kowa sai Inna, ta ce Baba na gona. Ko takalmi ban canza ba na bi shi. Ya tsufa, wuyansa ya yi siriri. Muka gaisa, ya dubi diflomar da na zaro daga cikin leda, ya ce in mayar kada ta jiƙe, ya miƙo mini ƙoƙon iri. Yana gaba da sungumi ina binsa ina zubawa ina rufewa da ƙafa.

"Shekara ukku," ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Mi kay yi can?"

Na rasa ta inda zan fara, sai na ba shi labarin Misye Obam, na ce rumbun wani tsoho aka ba ni in gyara, na tarar da abin da ya rataya, aka ce in zubar.

"Ka zubas?"

"A'a, Baba. Na tahi na tambaye shi."

Sungumi ya ci gaba da tashi yana sauka. Muka yi ta tafiya layi bayan layi har rana ta take, muka iso layin ƙarshe na gefen gabas. Na tsaya kamar kullum, na miƙa ƙoƙon ina jiran ya karɓa. Shi kuwa ya ci gaba da sara, rami ɗaya, biyu, uku, har ya yi nisa. Sannan ya ce, har yanzu bai waiwayo ba:

"Mi kaka jira? Ƙasa na bushewa."

Na ɗebi iri na zuba a ramin farko na rufe.